Jar Hular Iliya

Tun da na dawo daga Chadi ban ƙara shan shayi cikin natsuwa ba a teburin mai shayi na bakin tashar Nasarawa, a nan Kaduna. Da na zauna sai a yanyame ni. Wannan ya ce, "Bitrus, da gaske ne sojan Zayar ɗanyen maciji yake ci?" Wancan ya ce, "Rabu da Zayar, ai na Sanagal Faransa ce ta horar da su, guda ɗaya ya fi namu goma." Gardamar nan ta girmi tafiyata. Shekara da shekaru muna zaune muna jera sojojin duniya, wa ya fi wa taurin rai, alhali yawancinmu a sinima muka san ƙarar bindiga. Yanzu da aka sami wanda ya je ya gani, sai aka maishe ni alƙali. Kullum kuma sai an katse ni kafin in kai inda nake son kaiwa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni ba kallon sojoji ya kai ni ba, ƙanena na je nema. Iliya kofur ne, sojan laima, irin waɗanda ake sakowa daga jirgin sama. Tun da ya dawo daga horon nan da jar hula a kansa unguwa ta daina kiran sunansa, kowa sai Kwamando. Da aka tura sojojinmu Chadi rabon faɗa, tare da na Sanagal da na Zayar, yana cikin waɗanda suka tafi. Da farko duk mako biyu sai wasiƙa ta zo. Daga nan shiru. Wata guda, wata biyu, maƙwabta masu 'ya'ya a can suna samun nasu, mu babu. Na je bariki sau uku, aka duba aka ce babu sunansa cikin waɗanda wani abu ya samu, in je in kwantar da hankalina. Ni zan iya kwantarwa, amma Mama fa? Tsohuwar nan ta daina cin abinci sai ɗan kunu, ta daina zuwa zumuntar mata a coci, ta koma zaman ƙofar gida tana kallon duk mai keken da ya shigo layinmu ko mai kawo wasiƙa ne.

Ana cikin haka Alhajin da nake tuƙa wa roka, wato babbar motar kaya, ya sami kwangilar kai gari da shinkafa da manja ga sojojinmu. Direbobinsa biyu suka ce su kam suna da iyali. Ni ma ina da su, amma na ce a ba ni makullin. Alhaji ya haɗa ni da Oga Emeka, bakaniken da ke duba motocinsa a Kakuri, Inyamuri ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke cibiyarsa. Mutum ne marar yawan magana, abin da ya dame ni da farko, don ni in ba a yi mini hira a mota ba barci nake ji.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don shi ya kusa kashe mu. Kowa ya san yadda muke yi a nan. Ka sami hular soja ka ajiye a gaban mota, jikin gilashi, sai ɗan sanda ya hango ta daga nesa ya ɗaga maka hannu ka wuce. Iliya ya bar tsohuwar jar hularsa a gida, ni kuwa na daɗe ina cin moriyarta. Daga Kaduna zuwa Kano, zuwa Azare, Fatiskum, har Maiduguri, hular nan ta yi aikinta. A wani shinge kusa da Damaturu har ƙamewa wani kurtu ya yi mini, ni kuma na gyaɗa kai kamar wani manjo. Oga Emeka ya dube ni ya ce, "Bitrus, ranar da za a ce ka sauko ka yi fareti, ina nan ina kallo." Na yi dariya na ce ai shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa cewa in sauko.

A Maiduguri aka haɗa mu da wasu motoci huɗu da sojojin rakiya. Hanyar Dikwa zuwa Gamboru kuwa ba hanya ba ce, azaba ce, sai da ƙashin bayana ya san na yi tafiya. Muka haye gada muka shiga Kamaru, nan na fara haɗuwa da jandarma, 'yan sandansu. Namu in sun tare ka, ka yi musu barkwanci ka miƙa ɗan na goro, an gama. Waɗannan ba sa dariya. Wani ya karɓi lasina ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya yi ta zuba Faransanci, ni kuma duk abin da ya ce sai in ce "wi", wato e. Ashe tambayata yake ko akwai kayan da na ɓoye a ƙarƙashin buhuna. Sai da muka sauke kusan rabin mota a rana muka mayar.

A Kusiri, garin da ke bakin kogi daura da Njamena, muka kwana biyu muna jiran jirgin fito. Garin cike yake da mutanen da suka gudo daga yaƙi, duk inuwar da ka duba da iyali a ƙarƙashinta. Mun sami masauki a gidan wani Bakano mai saukar fatake, tabarma ɗaya mu biyu. Abinci tuwon gero ne da miyar busasshiyar kuɓewa, wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ba ni haushi shayinsu ne. A wani ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsana ba suke zuba shi, ja wur, babu madara, ga sukari kamar za a yi alewa. Burodinsu kuma dogo kamar taɓarya, in ya kwana sai ka jiƙa. Duk wanda na ji yana Hausa sai in tare shi in nuna hoton Iliya. Kowa ya duba ya girgiza kai, wani ya ce sojoji ai duk kamarsu ɗaya.

Njamena ta tsorata ni. Babu bangon da harsashi bai taɓa ba, gari duk ya zama kamar fuskar mai zanzana. A nan na fara ganin sojojin da kuke tambayata. Na Zayar su na fara gani a hanyar filin jirgi, kuma gaskiya in ado ne sun gama da kowa. Jar hula a karkace, baƙin tabarau, wando an ɗame shi kamar a jiki aka ɗinka, rediyo a rataye yana kiɗan garaya irin tasu. Ko tafiya suke sai ka ce rawa za su fara. An ce mana su ne zaɓaɓɓun shugabansu, Turawa suka horar da su. Maciji dai ban ga sun ci ba. Abin da na gani a tukunyarsu ganyen rogo ne, an daka an dafa da manja, har wani ya ɗiba mini, kuma ba laifi.

Na Sanagal daban suke. Dogaye, baƙaƙe, ba hayaniya. Sansaninsu a share tas, igiyar tanti ma a jere take kamar da awo. Mun kai musu wasu buhuna bisa kuskure, kafin a gane sai da suka zaunar da mu cin abinci. Babban faranti guda, shinkafa da kifi, hafsa da kurtu duk hannu a ciki. Na ce wa Oga Emeka, a barikinmu wane kurtu ne zai sa hannu a kwanon kyaftin? Wani sajansu mai jin ɗan Turanci ya duba hoton Iliya da kyau, ya ce bai san shi ba, amma masu jar hula na Nijeriya an tura su arewa, wajen Musoro. Ya ƙara da cewa kwanaki an ji wata motarsu ta taka nakiya a can. Daga nan ban ƙara loma ba.

Na roƙi hafsan da ke rabon motoci ya sa tawa cikin masu zuwa Musoro, ya kuwa sa ni. Muka tashi da safe, mota uku da rakiya. Wajen hantsi fambel ɗina ya tsinke. Sajan rakiya ya duba agogo ya ce ba zai tsai da ayari a fili ba, mu gyara mu biyo sawu, ba nisa. Oga Emeka ya gyara cikin rabin awa, amma kafin nan ko ƙurarsu ba ma hangowa. Babu kwalta, babu gari, sai rairayi da ƙaya da sawun taya. Ina tuƙi ina addu'a a zuci.

Rana na tsaka muka ga igiya an gitta a hanya, an ɗaura mata tsummoki. Gefe guda ga wata ƙaramar Toyota da babbar bindiga a bayanta, ga mutum biyar a inuwarta. Waɗannan su ne mayaƙan ƙasar, ban san na wane ɓangare ba ne, har yau kuma ban sani ba. Ba kaki, ba but. Rawani ya rufe fuska sai idanu, silifas a ƙafa, ga su sirara kamar ba sa cin abinci. Ni da na saba, da na hango shinge sai hannuna ya kai kan hular nan da kansa, na gyara mata zama ta fito sosai. Oga Emeka ya ce, "Bitrus, cire! Cire ta!" Kafin in gane abin da yake nufi, ɗaya daga cikinsu ya riga ya gani.

Ihu ya yi, sauran suka zabura. Ban san lokacin da aka fizgo ni daga mota ba, sai ji na yi gwiwoyina a cikin rairayi mai zafi kamar toka, bakin bindiga a ƙeyata. Wanda ya ga hular yana kaɗa ta a fuskata yana faɗa da Larabcinsu, kalma ɗaya kawai nake ganewa, Zayar. Na ce Nijeriya, na ce direba, na zaro takardu, ya buge su suka watse. Ba zan ɓoye muku ba, fitsari ya zubo mini. Abin da ya zo mini a rai ba matata ba ce, ba 'ya'yana ba. Mama ce a ƙofar gida, yanzu za ta jira mutum biyu.

Sai wani dattijo a cikinsu ya taso, ya sauke rawaninsa, ga farin gemu. Ya yi magana da Hausa irin ta masu kawo raƙuma Maiduguri. "Kai, hular wa?"

"Ta ƙanena ce, Baba. Sojan Nijeriya ne. Ni direba ne, wallahi direba."

"Masu irin wannan hula sun kashe mana mutum biyu. Ga ɗan'uwan ɗayansu nan a bayanka." Ya dubi takardun da ke ƙasa bai ko sunkuya ba. "Takarda kowa yana saye. Ku tuɓe riga."

Muka tuɓe. Ya matsa kafaɗata ta dama, inda gindin bindiga ke zama, ya duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce in miƙo ƙafa. To, ni Allah Ya yi ni da kaushi. Matata ta yi fama, ta sayo dutsen goge ƙafa, ta sayo man kaɗanya, duk a banza, diddigena ya tsattsage kamar fadamar da ta bushe. Dattijon nan ya riƙe ƙafata ta hagu, wadda ke taka kuloci, ya juya ta, ya kira sauran su gani. Ya ce, "Wannan ƙafa ba ta taɓa kwana a cikin but ba." Wani ya yi dariya. Na ji bakin bindigar ya bar ƙeyata.

Ban gama sauke numfashi ba suka juya kan Oga Emeka. A ƙasan haƙarƙarinsa akwai wani tabo mai zurfi, da wani a bayansa inda abin ya fita. Shekara shida na san mutumin nan ban taɓa ganinsa ba riga ba. Dattijon ya sa yatsa a tabon ya ce, "Wannan fa? Shi ma mota ce?"

Oga Emeka bai ɗaga kai ba. "Harsashi ne, Baba. Yaƙinmu na gida. Ya fi shekara goma."

"Kun ci?"

"Ba mu ci ba."

"Da me kuka yi yaƙin?"

"Da abin da muka samu. Wani lokaci mu uku bindiga ɗaya."

Dattijon ya faɗa wa sauran wani abu, ya ciro dabino daga aljihu ya zuba wa Oga Emeka a hannu, ni ko ɗaya bai ba ni ba. Aka sauke igiya. Hular dai wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya tura ta cikin rigarsa. Mun yi tafiyar mil da yawa sannan na ce, "Oga Emeka, ashe kai soja ne?" Ya ce, "Tuƙa mota, Bitrus." Bai ƙara cewa komai a kai ba har muka dawo Kaduna.

Da la'asar muka isa sansanin. Aka turo sojoji su sauke kaya, ina tsaye ina duban fuskoki ɗaya ɗaya. Na huɗu da ya juya baya a ɗora masa buhu, tun daga ƙeyarsa na gane shi. Na ce, "Iliya!" Ya juyo da buhun a kafaɗa, ya ce, "Yaya?" Ga shi da ƙafa biyu da hannu biyu, ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Farin cikin bai daɗe ba haushi ya taso mini. Na fara zazzaga masa a gaban abokansa, na ce kai wane irin ɗa ne, tsohuwa na can tana mutuwa a tsaye, takarda da biro sun gagare ka? Ya kai buhun ya ajiye, ya ja ni bayan sito, ya sa aka kawo mana shayi.

Da ya karɓi kofin na gani. Hannun yana karkarwa, shayin na zuba a kan wandonsa, sai da ya haɗa da ɗaya hannun, shi ma haka. Buhu yana ɗauka, amma ƙaramin abu ba ya tsaya masa. A hankali ya gaya mini. Yana cikin motar da ta taka nakiyar. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma amininsa Musa, wanda suka yi horon laima tare, ƙafafunsa suka tafi. Iliya ya goya shi ya yi ta tafiya a rairayi, bai san ya riga ya cika a bayansa ba sai da suka iso. Tun ranar hannun ya fara. Likita ya ce babu ciwo, hutu yake bukata, an karɓi bindigarsa an mai da shi sito kafin a fara mai da mutane gida.

Ya ciro wasu takardu daga jakarsa ya miƙo mini. Wasiƙu ne da ya fara, sun kai goma, kowace ba ta wuce layi biyu ba, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Ya ce, "Yaya, in Mama ta kai wa Fasto wannan ya karanta mata, kafin Lahadi duk Nasarawa ta ji Kwamando ya lalace." Na gaya masa yadda aka yi da hularsa, ina jin kunya. Ya ce, "Su riƙe."

Ku masu tambayar wa ya fi wa, ni ma na yi masa ita, don in sa shi dariya. Ya ce masu rawanin nan ba wanda ya kai su jure yunwa da ƙishirwa, na Sanagal sun fi kowa tsari, na Zayar sun fi kowa baki, namu kuma an ce kada su yi harbi sai an harbe su, kuma sun bi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ya ce kwanan da ya yi a tantin likita, kusa da shi wani ƙaton Bazayare ne mai jar hula, an harbe shi a ciki, yini ya yi yana kiran uwarsa. Iyakar abin da na samo muku ke nan.

Kafin mu juyo na zaunar da shi, ya faɗa na rubuta. Yana lafiya, aiki ne ya yi yawa, a gai da mutanen coci, yana nan tafe. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, na ce to.

Kwana shida muka yi a hanyar dawowa. Na sami Mama a inda na bar ta. Na durƙusa na ce na ga Iliya da idona, lafiyarsa ƙalau, ga ma wasiƙarsa. Ta karɓa tana hawaye tana gode wa Allah. Mama ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni, don haka na miƙa hannu in karanta mata. Ba ta ba ni ba. Ta buɗe takardar, ta juya bayanta, ta shafa da yatsunta a hankali, sai na ga hawayen ya tsaya.

Ta ce, "Iliya danna biro yake yi har rubutun ya fito ta baya. Wannan sumul take. Wa ya rubuta?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara tambaya.

"Bitrus, da hannu biyu ka gan shi?"

"Da hannu biyu, Mama. Na rantse."

"To, gaya mini."

Na karya alkawarin, na gaya mata duka, har da Musa. Daga baya shi Iliyan da bakinsa ya ce in zan rubuta in rubuta har da wannan, ya gaji da ɓoye hannu a aljihu. Amma a ranar, ina magana ina jiran tsohuwar nan ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce, "Yana cin abinci?"

Na ce, "Yana ci, Mama. Sai dai cokali ba ya tsaya masa, da hannu yake ci."

Ta ce, "Da ma da hannu na koya masa." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta leƙa cikin gida ta ce wa matata a ɗora tukunya, yunwa take ji.